Tunawa da Farfesa Taslim Elias

Yau za mu tuna da marigayi Farfesa Taslim Elias, malamin shari'a a Jami'ar Legas, wanda ya rasu a 1991. Kun san da farko akawu ne a ma'aikatar jirgin ƙasa? Yana wannan aiki ya fara karatun Jami'ar Landan, daga nan gida Nijeriya. Sannu a hankali ya zama Alƙalin Alƙalan ƙasa a 1972, sannan shugaban Kotun Duniya a 1982. To uwargida, zaman gida bai rufe miki ƙofar ilimi ba. Ki lallashi maigida ya samo miki littafi da malama. Allah ya jiƙan Farfesa, amin.