Hoton MRI da Ciwon Baya

Hoton MRI yana nuna ƙashin baya dalla-dalla, amma ba kullum yake nuna tushen ciwo ba. A wani binciken Amurka na 1994, an ɗauki hoton mutum 98 marasa ciwon baya, aka tarar fiye da rabinsu guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya kumburo. Dole likita ya auna hoton da abin da majiyyaci ke ji kafin ya ambaci tiyata. Wani zai ce gara a gani da wuri. Haka ne idan ƙafa ta fara mutuwa, fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ana zargin tarin fuka ya kama ƙashin. Amma yawancin ciwon baya yakan lafa cikin makonni kaɗan ba tare da hoto ba.