Su Wa Suka Ɗebo Ruwan? Lacca kan Mata da Sana'ar Gini a Sarkin Yamma

  

Maganar da na kawo abokan aikina masu tsara koyar da sana'o'i sun gaji da jin ta. Kuɗin da ake zubawa wajen koya wa 'yan matan karkara ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa, a karkatar da rabinsa zuwa gini da aikin famfo da wutar sola da walda. Wasu daga cikinsu suna zaune a nan gaba, ba zan kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Mutumin da ke zaune a bakin Gulbin Maraɗi ba ya bukatar a ba shi labarin daminar 2024. Gidaje sun zube daga birnin Maraɗi har ƙauyukan Madarunfa, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Haka kuma ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da wuta ta kama azuzuwan zana a Maraɗi ta ci yara sama da 20, 'yan watanni bayan irin wannan gobara a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Gwamnatin wancan lokaci da bakinta ta ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Duk waɗannan gini suke jira. To wa zai gina? Da an gama girbi samarinmu sun kama hanyar Ɗan Isa da Jibiya, wasu Agadas, wasu Libiya da Aljeriya. Lokacin gini rani ne, kuma da rani ne garuruwanmu suke zama na mata da tsofaffi da yara.

Ana ce mini gini ba al'adar matan Hausa ba ne. A nan zan daɗe, domin wanda duk ya faɗi haka bai kalli yadda aka gina ɗakin da aka haife shi a ciki ba.

Namiji ya haƙo ƙasa, gaskiya ne. Ya murza tubali, ya ɗora, ya jera azara, ya kafa indararo. Amma ƙasa ba ta kwaɓuwa da yawu. Ruwan da aka jiƙa ta da shi kwana da kwanaki, a kan wa ya zo daga rijiya? Idan bango ya tashi aka rufe, sauran aiki na wa ne? Daɓe aikin mata ne tun kaka da kakanni. Su suke ɗebo tsakuwa da marmara, su baza, su yayyafa ruwa, su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Su suke tara ɓawon ɗorawa su jiƙa makuba, su san yawan da za a zuba da lokacin da za a sake bugu, su san ɗakin da ya sha ya ƙoshi da wanda zai tsage bayan wata guda. Tsohuwar da ta iya daɓe tana duban ƙasa ta ce wannan yashi ya yi mata yawa, wannan kuma yumɓu ne zalla, za ta dare. Abin da ake koya wa ɗalibin gini ke nan a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, sai dai shi da Faransanci ake gaya masa, kuma a ƙarshe a ba shi takarda. Waƙoƙin daɓe kuwa har jami'o'i ana nazarin su. Malaman adabi sun tattara waƙar, babu wanda ya damu ya rubuta gwanintar hannun da ke bugun.

Sai siminti ya zo. Ku lura da abin da ya faru, domin nan ne gaba ɗayan hujjata take. Aikin bai canja ba: a daidaita ƙasan ɗaki, ya yi santsi, ya hana danshi. Amma daɓen gargajiya gayya ce, ladanta fura da goro da albarka. Daɓen siminti kuwa kuɗi ake biya. Ranar da jika ta shiga cikin aikin, ranar ya koma hannun maza, kuma ba a yi taro an yanke haka ba, ba malamin da ya ba da fatawa. Mace ta ci gaba da ɗebo ruwa da tankaɗe yashi, wani lokaci har da ɗaukar bulo, a kyauta idan gidan mijinta ne, a kuɗin lebura mafi ƙanƙanta idan na wani ne. Cokalin gini da igiya da ma'auni, wato inda kuɗin yake, aka ce sun fi ƙarfinta. Saboda haka masu cewa ina son in shigar da mata wurin da ba su taɓa shiga ba, su sake duba. Suna wurin tun da can. Biya ne ba a yi musu.

Ko masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, aikin gayya ne na gari duka, kuma mata ne suka yi ta jigilar ruwansa. Sunan magini ya zaga duniya, kuma ya cancanta. A Dandaji kuwa, tsohon masallacin da shi Falke Barmu ya gina, 'yar ƙasar nan Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili su suka tsara gyaransa ya zama ɗakin karatu, suka tsara sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Magina maza suka yi aiki da zanen mata biyu, kuma mutanen Dandaji suna salla a ciki. Na san za a ce ita ta yi karatu a Amurka. To ni ba masu zanen gini nake nema daga Sarkin Yamma ba tukuna. Wadda za ta ɗaura famfo nake nema.

Abin da ake ba 'yan matanmu a maimakon haka kun san shi. Ku shiga cibiyar koyon sana'a ta CFM da ta fi kusa da ku, ku ƙirga 'yan matan da ke ajin ɗinki, sannan ku leƙa ajin gini da na lantarki. A yaye yarinya, a ba ta keke, a ɗauki hoto. Ta dawo ƙauyen da yake da tela tun kafin a haife ta, ga gwanjo ya cika kasuwa, ga ɗinkin ba ya motsi sai salla ta gabato. Bayan shekara keken ya shiga kayan ɗaki, an rufe shi da zane. A rahoto kuwa an rubuta cewa an ba mace sana'a.

Alhali ga kasuwa a buɗe babu mai ci. A gidajen kulle na Maraɗi, idan famfo ya lalace a cikin gida ko waya ta ƙone a ɗakin uwargida, sai a jira maigida ya dawo ya tsaya a kan ma'aikaci, ko a kwashe mata a kai su wani ɗaki. Mace mai gyaran famfo ko mai haɗa sola sallama kawai za ta yi ta shige. Daga nan zuwa Maraɗi ba nisa. Ga kuma rijiyoyin burtsatse na ƙauyukanmu: idan ɗaya ta tsaya, mata ne suke komawa tafiya mai nisa da tulu, mai gyara kuwa yana birni ko ya tafi ci-rani. Wadda wahalar take kanta ita ta fi dacewa a ba ta sifana.

Hujjojin da ake kawo mini ba za su ci mana lokaci ba. Ƙarfi? Wadda take surfe da daka tun asuba, ta yi noma a gamanarta, ta ɗauko itace daga daji, ba a yi mata wannan tambaya ba sai da aka zo kan aikin kuɗi. Addini? Malamai suna nan, sun fi ni sanin cewa Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi jima take yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Cuɗanya da maza? A haɗa su ƙungiya ta mata zalla, shi ke nan. Aure? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna a jihar Maraɗi kusan tara cikin goma na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Wannan dalili ne na a buɗe wa matan aure da zawarawa ƙofa, a kawo koyarwar cikin gari da rani, a daina ƙayyade shekarun shiga kamar ana ɗaukar soja.

Masu cewa matan karkara ba za su iya riƙe kwangila ba, da alama sun manta a wace jiha suke. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a ƙauyen Kagadama, nan ƙasar Maraɗi, da akwati da zubin mako. A lokacin ma an yi dariya. Yau wannan tsari ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma daga wajen iyayenmu aka koye shi. Matan da suka shekara 30 suna ba da bashi suna karɓa da riba ba tare da banki ba, lissafin buhun siminti ba zai gagare su ba. Asusun nan zai iya sayen injin matsa bulon ƙasa, da baro, da shebur, ya ba 'ya'yansa haya.

Abin da ya rage na hukuma ne. A 2000 ƙasar nan ta kafa dokar kason mata, a 2019 aka ɗaga shi zuwa kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 30 na naɗe-naɗe. An yarda da kaso a majalisa, inda albashi yake zuwa ga 'yan kaɗan. Ina neman irinsa a takardar kwangila: duk ɗan kwangilar da zai gina aji ko ɗakin shan magani da kuɗin ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, a rubuta masa cewa cikin masu koyon aiki a wurin dole a sami mata, kuma a biya su daidai da maza. Asusun FAFPA, wanda don biyan kuɗin koyon sana'a aka kafa shi, a kai masa buƙata a rubuce da sunayen mata, kada a jira ya zo da kansa. Sashen koyon gini na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya turo ɗalibansa mata su yi gwajin aikinsu a nan, 'yan matanmu su gan su da hular kwano a ka. Kuma a fara da daɓe da yaɓe da shimfiɗa tayil, inda hannun ya riga ya saba, kafin a hau bango.

Iyayena shugabannin asusu, ku kuma kada ku jira mu. A zubinku na wannan mako kowace ƙungiya ta fitar da sunan mace biyu da suke so, a kai wa maigari, shi kuma ya kai ƙaramar hukuma kafin a gama girbi.