Neman Jijiya a Bakin Titi: Gani Ya Fi Lalube



Sa wa mai ƙarfi a jika ƙarin ruwa ba wuya: a ɗaure dantse, a bubbuga bayan hannu, jijiya ta taso, a soka kanula. Wahalar tana kan wanda ya fi kowa bukata. Idan jini ya zuba da yawa, ko ruwan jiki ya ƙafe, jiki yakan matse jijiyoyin hannu da ƙafa domin ya tanadar wa zuciya da ƙwaƙwalwa ragowar jinin. Sai jijiya ta lafe. Ana lalube, ana soka, ana sakewa, majiyyaci kuwa sai ƙara sanyi yake yi. Haka ake fama da yaro mai amai da gudawa, da mai jego da jini ya ɓalle mata, da mai sikila da aka sha hudawa tun yana ƙarami.

Mu da muke kan babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna mun san wannan. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta kife a mahaɗar Dikko, wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu, da dama suka ƙone. Allah ya jiƙansu. Ina so mu dubi lissafin wanda ya tsira da ƙuna. Bisa ƙa'idar Parkland da likitoci ke aiki da ita, mai nauyin kilo 70 da rabin jikinsa ya ƙone yana bukatar wajen lita 14 na ruwa cikin awa 24, kuma rabin wannan ruwa cikin awa 8 na farko. Ana fara ƙirga awannin daga lokacin da wuta ta taɓa shi, ba daga lokacin da ya isa asibiti ba. Ga shi fatar ta ƙone, hannu ya kumbura, ido ba ya ganin jijiya, yatsa ba ya jin ta.

A nan na'urar sikanin take shigowa, irin wadda matanmu suka saba da ita wajen awon ciki. Kan da ake aikin jijiya da shi dai daban ne, mai miƙaƙƙen baki, wanda ke nuna abin da ke kusa da fata. A shafa mai, a ɗora a dantse, jijiya ta fito baƙa kewayayya a allo. Idan an danna ta lotsa, ita ake nema. Idan ta ƙi lotsawa tana harbawa, wannan mai ɗauko jini daga zuciya ce, a kauce mata. Daga nan sai ma'aikaci ya riƙa bin tsinin allura da ido har ta shiga. Yanzu akwai ƙanana irin su Butterfly iQ, waɗanda ake jona wa wayar hannu, su shiga aljihun riga.

Tun a 1999 likitocin gaggawa a Amurka suka wallafa nasarar wannan dabara, kuma wani bincike na 2005 a kan masu wuyar jijiya ya samu nasarar kashi 97 cikin 100 da na'ura, kashi 33 kacal da lalube. Sai dai a cikin asibiti aka yi waɗannan gwaje-gwaje, da fitila da gado. Bakin titi kuwa akwai ƙura, da hasken rana mai kashe allo, da cincirindon jama'a, sannan mota mai girgiza a ramuka.

Saboda haka ra'ayina shi ne a ba na'urar nan matsayinta, kada a wuce da ita nan. Wanda jini ke tsiyaya daga cinyarsa, tsayar da jinin ne farko, sai a kama hanya. Tsayawa a titi ana neman jijiya cutarwa ce gare shi, kuma ɗura masa ruwan gishiri barkatai na tsinka jinin da ya rage. Wanda zuciyarsa ta tsaya, allurar da ake sokawa cikin ƙashin ƙwauri ta fi sauri. Inda sikanin ke da rana shi ne mai ƙuna, da wanda ƙarfen mota ya danne ana ƙoƙarin ciro shi, da wanda za a yi doguwar tafiya da shi zuwa asibitin koyarwa na Gwagwalada ko zuwa Minna, bayan an gwada sau biyu jijiya ta ƙi. Nan ma da sharaɗi. Jijiyar da na'ura ke nunawa sau da yawa tana can ciki, gajeriyar kanula takan zame daga cikinta ruwa ya taru a tsoka, don haka dole a tanadi dogaye. Kan na'urar kuma idan ya taɓa jinin wani, sai an goge shi an rufe shi kafin ya taɓa na gaba.

Kuma hannu ne ke aikin. Ma'aikacin da bai soka allura sau da yawa a gaban ƙwararre ba, ba a titi da tsakar dare zai koya ba. Wurin koyo shi ne sashen gaggawa na Babban Asibitin Suleja da makamantansa, da rana tsaka.

Kuɗi fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa, kuma a ƙarƙashin wannan ne aka kafa shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS. Kirana ga gwamnatin Jihar Neja da shugabannin ƙananan hukumomin Suleja, Tafa da Gurara shi ne su nemi haƙƙin wannan yanki daga ciki. A fara da mota mai mai a tanki, da ma'aikacin jinya a cikinta dare da rana, da ruwa da kanula. Idan wannan ya tsaya da ƙafarsa, a sa ƙaramar na'urar sikanin a kowace mota, a horar da masu riƙe ta, a kuma riƙa rubuta sakamakon kowace suka.