Jawabin Shugaban Matasa a Taron Karrama Masu Aikin Sa-kai na Asibitin Masu Taɓin Hankali



Shugaban asibiti, likitoci, malaman jinya, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana matasa na wannan tafiya tamu, ina yi muku barka da wannan rana.

Yau ba kamfen ya kawo mu ba. Shi ya sa na ce a bar fosta da lasifika a ofis. Mun zo ne mu ce mun gode ga mutanen da ba su da albashi a nan, ba su da alawus, amma kullum suna nan. Akwai mai aski da ke rufe shagonsa ya zo ya yi wa majinyata aski kyauta. Akwai iyaye mata da ke dafo abinci daga gidajensu. Akwai ɗalibai masu share ɗakuna da wanki. Akwai kuma waɗanda su da kansu sun taɓa kwanciya a kan gadajen nan, Allah ya ba su lafiya, suka dawo suna zama da masu fama da ƙwaya suna ba su baki. Yabon gwani ya zama dole.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi abin da ya kawo ni asibitin nan karon farko.

Akwai wani yaro a mazaɓarmu. Duk gangamin da muka yi a zaɓen da ya wuce, shi ne a gaban mota riƙe da tuta. Na san abin da yake sha kafin ya hau motar. Na san daga aljihun da kuɗin ke fitowa. Na yi shiru, don ina son a ce taronmu ya cika. Bayan zaɓe kowa ya kama gabansa, shi kuwa kansa ya juye. Mahaifiyarsa ta sayar da keken ɗinkinta ta kawo shi nan. Sai da ya yi sati uku kafin kunya ta bar ni na zo. Da na shigo, na tarar da wani dattijo yana yanke masa farce, yana ba shi kunu a baki. Ba ɗansa ba ne, bai ma san unguwarsu ba. Bai tambaye shi jam'iyyarsa ba. Wallahi ranar na raina kaina. Baba, ga ka nan zaune, ba zan kama sunanka ba tunda ka hana, amma Allah ya saka maka da Aljanna.

Jama'a, matsalar nan ba ƙarama ba ce. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2019 duk mun ga yadda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta yi kyau, amma doka ba ta ba majinyaci kunu a baki. Mutane irinku ne ke yi.

To takardar yabo kaɗai ba ta isa godiya ba. Ga alkawarin da matasan wannan tafiya suka ɗauka, a rubuta a riƙe mu da shi.

Na farko, daga yau ba tiramol, ba wiwi, ba sholisho a ayarinmu. Duk wanda ya kawo kuɗin "caji" don a raba wa yara, ko waye shi a jam'iyya, za mu mayar masa da abinsa. Na san maganar nan za ta ɓata wa wasu manya rai. To su yi haƙuri. In kujerar shugaban matasa ce za ta tafi a kan haka, ta tafi.

Na biyu, kowace mazaɓa za ta riƙa turo mutum biyu duk wata su yi aiki a ƙarƙashin waɗannan bayin Allah, ba tare da hula ko rigar jam'iyya ba, kuma ba ɗaukar hoton majinyaci.

Na uku, za mu buɗe asusu don sayen magani ga waɗanda aka sallama. Likitoci sun gaya mana da yawa suna dawowa ne saboda maganin ya yanke, ko don sun koma majalisar da ta lalata su. Masu shago da gareji a cikinmu, ku karɓe su koyon sana'a. Kuma mu daina kiran su mahaukata. Marasa lafiya ne.

Yaron nan yanzu yana koyon gyaran waya. Da na ce masa zan zo nan, cewa ya yi in gaishe masa da Baba.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya yafe mana sakacinmu.