Galahanga da Akwatin Iska



A ƙauyukan Dawanau, in yaro ba ya magana, ba ya haɗa ido da mutane, sai a ce aljanu ne. Alhali tun 1943 Likita Leo Kanner ya bayyana wannan lalura ta galahanga. Yau kuma ana tallata mata magani: a sa yaro cikin akwati mai matsin iska ya shaƙi oksijin. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2013, binciken Cochrane na 2016 bai ga amfaninsa ba, matsin kuwa yakan raunata kunne.

Mu da muka yi boko, wajibinmu ne mu roƙi iyaye kada su jinginar da gona dominsa. Koyarwa tun da wuri, cikin haƙuri, ita ke taimakon yaron.