Daga Filin Wasa Zuwa Ofis: Ma'anar Athleisure da Matsayinsa Cikin Suturar Zamani



Gabatarwa

Hausawa sun ce zamani riga ne. Laccar yau za ta ɗauki wannan karin magana a bisa lafazinsa, watau za ta dubi rigar da wannan zamani ya sa a wuyansa. Duk wanda ya ratsa filin jirgin sama na wani babban birni, ko ya tsaya a ƙofar jami'a da safe, zai ga jama'a da dama sanye da takalmin gudu da wandon atisaye da rigar ƙwallo, alhali kuwa babu mai niyyar gudu ko buga ƙwallo a cikinsu. Masu cinikin tufafi a Amurka sun raɗa wa irin wannan shiga suna athleisure. Abin da za a bi a nan shi ne ma'anar wannan suna, da hanyar da kayan wasa suka biyo har suka iso bakin ofis, sa'an nan a auna ribar al'amarin da hasararsa.

Ma'anar Kalmar

Kalmar haɗin gambiza ce ta kalmomin Ingilishi biyu: ɗaya tana nufin wasannin motsa jiki, ɗayar kuwa lokacin hutu da shaƙatawa. Ta fara bayyana a rubuce cikin shekarun 1970, amma ba ta kama bakin jama'a sosai ba sai bayan 2010, kuma a 2016 ne ƙamusun Merriam-Webster ya shigar da ita. Da Hausa ana iya ce musu tufafin wasa-da-yawo, watau tufafin da aka yanka aka ɗinka bisa tsarin kayan motsa jiki, amma da nufin a sa su a je kasuwa, ko makaranta, ko ziyara.

Ma'anar za ta fi fitowa idan aka jera ta da maƙwabtanta biyu. Na farko shi ne kayan wasa na ainihi. Su dai aiki ne ma'auninsu. Ɗan damben gargajiya yakan naɗe hannunsa da kara domin naushi ya yi nauyi, mai buga ƙwallo yakan sa takalmi mai ƙusoshi domin kada santsin ciyawa ya kwashe shi. Da an tashi wasa sai a kwance, a tuɓe. Ba a taɓa jin ɗan dambe ya tafi ɗaurin aure da kara a hannu ba. Na biyu shi ne tufafin yau da kullum, kamar kaftani da hula, ko zane da riga da mayafi, ko kwat da wando. Su kuwa idon jama'a ne ma'auninsu: sun dace da wurin? sun dace da shekarun mai su da matsayinsa? Tufafin wasa-da-yawo sun zauna a tsakani. Sun ari yadi da yanka daga filin wasa, amma a titi ake yi musu hukunci. Shi ya sa za a ga takalmin gudu fari fat wanda mai shi yake gudun ƙura dominsa.

Yadda Kayan Wasa Suka Bar Fili

Sunan sabo ne, amma ƙaurar ta daɗe da somawa. A 1917 kamfanin Converse na Amurka ya fito da takalmin kambas domin masu ƙwallon kwando, wanda aka sani da suna All Star, daga baya kuma 'yan makaranta suka mayar da shi na zuwa ko'ina. A 1926 wani gwanin tanis Bafaranshe, René Lacoste, ya shiga gasar Amurka da riga mai gajeren hannu ta saƙaƙƙiyar auduga, a lokacin da sauran 'yan wasa suke fama da riguna masu dogon hannu. A 1933 ya kafa kamfani yana sayar da ita da hoton kada a ƙirji. Ita ce rigar nan mai kwala da maɓalli biyu ko uku da ma'aikata da yawa suke sawa, ba tare da sun san daga filin tanis ta fito ba. Haka kuma rigar sanyi mai hula: kamfanin Champion ya yi ta cikin shekarun 1930 domin 'yan wasa da leburorin da ke aiki cikin sanyi.

Mataki na biyu ya zo ne lokacin da motsa jiki ya zama harkar kowa. A 1967 wani mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon, Bill Bowerman, ya wallafa littafi a kan sassarfa domin lafiya. Shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin da ya koma Nike a 1971. A 1967 ɗin dai kamfanin Adidas na Jamus ya fito da riga da wandon atisaye masu ratsi uku da sunan ɗan ƙwallo Franz Beckenbauer. A watan Afrilun 1980 ma'aikatan sufurin birnin New York suka yi yajin aiki na kwana 11, sai ma'aikatan ofis, musamman mata, suka dinga takawa zuwa aiki da takalmin gudu, takalmin ofis yana cikin jaka. Yaji ya ƙare, al'adar ta zauna.

Mataki na uku shi ne na suna da kwalliya. Takalmin Air Jordan ya fito a 1985, kuma a 1986 mawaƙan Run-DMC na New York suka ƙulla yarjejeniyar talla da Adidas, alhali ba 'yan wasa ba ne. Tun daga nan takalmin wasa ya zama shaidar gayu da abin hannu. A 1998 Chip Wilson ya kafa Lululemon a Vancouver ta ƙasar Kanada, yana sayar wa mata matsattsen wando mai talewa domin atisayen yoga, da tsada kuwa. Wannan wando shi ne ginshiƙin abin da ake kira athleisure. A 2017, karo na farko, yawan irinsa da aka shigar Amurka ya zarce na wandon jins na mata. Manyan gidajen ɗinki na Paris ma sun bi sahu, domin a 2014 gidan Chanel ya nuna tufafinsa mafi tsada a jikin mata masu sanye da takalmin gudu.

Sirrin Yana Cikin Zare

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da masana kimiyyar haɗa sinadarai. A 1935 aka ƙago zaren nailan a kamfanin DuPont na Amurka. A 1941 wasu 'yan Birtaniya biyu, Whinfield da Dickson, suka samar da zaren foliyesta a Ingila. A 1958 Joseph Shivers na DuPont ya ƙago zaren roba da ake sayarwa da sunan Lycra, wanda ake iya ja ya ninka tsawonsa kusan sau 5, a sake shi ya koma yadda yake. Kaɗan daga cikinsa ake cakuɗawa da wani zare, sai yadi ya riƙa bin jiki duk inda ya lanƙwasa.

Bambancin auduga da foliyesta wajen gumi shi ne wannan. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, shi ya sa rigar mai aikin ƙarfi take yin nauyi ta manne masa a baya. Zaren foliyesta kuwa bai cika shan ruwa ba, sai gumin ya bi ta tsakanin zaruruwa ya fito waje iska ta busar da shi. Daɗin daɗawa, irin wannan yadi ba ya yamutsewa, ba ya neman sitaci ko guga, kuma in an wanke shi da dare ya bushe kafin asuba. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwana inda wutar lantarki ba ta da tabbas ya san darajar wannan. Sai dai foliyesta yana riƙe maiƙon jiki, don haka ya fi auduga saurin yin tsami, abin da ya kamata mazauna ƙasar zafi su lura da shi.

Rikicin Ofis da Majalisa

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1992 kamfanin Levi Strauss ya aika wa shugabannin ma'aikata kimanin 25,000 a Amurka wani ɗan littafi yana kwaɗaitar da su su sassauta dokar sutura, kuma cikin shekarun nan ne Jumma'a ta zama ranar da ma'aikacin Amurka yake ajiye kwat da laktaye. Abin lura a nan, a ƙasar Hausa Jumma'a ita ce ranar da ake fito da babbar riga da ta sha bugu. Rana ɗaya, ma'ana biyu. A 2019 bankin Goldman Sachs, wanda aka sani da tsanani a kan kwat, ya sassauta. A 2020 annobar korona ta tsare ma'aikata a gida suna aiki ta intanet, wandon atisaye ya zama kayan aikin miliyoyin mutane.

Amma iyaka ba ta gushe ba. A watan Satumbar 2023 shugaban masu rinjaye na Majalisar Dattawan Amurka, Chuck Schumer, ya janye tilasta sa kwat a zauren majalisa, aka kuwa danganta matakin da Sanata John Fetterman, wanda ya saba zuwa da rigar sanyi mai hula da gajeren wando. Cikin wannan wata majalisar ta zartar da ƙuduri baki ɗaya, ta wajabta wa maza kwat da laktaye da dogon wando a zauren. Dattawan sun ga cewa wanda ya zo yanke hukunci a kan rayuwar jama'a, shigarsa wani ɓangare ce na girmamawar da yake yi musu.

Akwai kuma batun matsewa. Yawancin waɗannan tufafi an yi su ne su bi surar jiki, abin da bai dace da tarbiyyar al'ummu da yawa ba. Kasuwa ta lura da haka. A 2014 masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince mata su yi wasa da lulluɓin kai, a 2017 kuma Nike ya fito da hijabin wasa. Wannan ya nuna cewa yalwa da rufe jiki ba su hana tufa zama ta motsa jiki.

Inda Abin Ya Shafi Ƙasar Nan

Rigar ƙwallo, wadda samari suke kira jesi, ita ce fuskar athleisure da aka fi gani a Kano da Kaduna da Damagaram, akasari ta hanyar gwanjo ko kwaikwayon da ake shigowa da shi daga Asiya. Ƙarfin wannan kasuwa ya bayyana a 2018, lokacin da Nike ya fito da jesin Nijeriya na Gasar Cin Kofin Duniya mai zanen kore da fari: ranar da aka fara sayarwa jama'a suka yi dogon layi a Landan, kaya suka ƙare a ranar. Masu sayen ado suka saya.

A nan ne ya kamata ma'aikacin gwamnati ya yi lissafi. Kaftani guda yana ciyar da mai sayar da yadi, da tela, da mai aikin wuya, da mai wanki da guga. Jesi kuwa a ɗinke take sauka, ladan aikinta ya riga ya tsaya a wata ƙasa. Kusan rabin takalman Nike, alal misali, a Biyetnam ake yin su. An buɗe masaƙar farko ta zamani a Kaduna a 1957, amma daga farkon shekarun 2000 akasarin masaƙun Kaduna da Kano sun rufe. Dalilan rufewar daban ne, irin su rashin wuta da fasa-ƙwauri, sai dai duk sauyin ɗanɗano da ya karkata ga kayan da ba a yi a gida ba yana ƙara wa farfaɗowarsu wuya.

Har ila yau akwai batun muhalli. Daga ɗanyen mai ake yin foliyesta, kuma ya haura rabin dukan zaren da ake samarwa a duniya. Binciken Jami'ar Plymouth ta Ingila a 2016 ya nuna cewa wankin kilo 6 na kayan foliyesta a inji yana iya sakin ƙananan zaruruwa kusan 500,000 cikin ruwa. Tsumman auduga ƙasa takan cinye shi, na foliyesta kuwa yakan daɗe a juji da magudanar ruwa kamar leda. Ga shi kuma na arha ba ya jure wanki, sai a yi ta saye ana yarwa. Araha ba ta ado.

Kammalawa

A taƙaice, athleisure tufafi ne da suka ɗauki siffar kayan wasa suka shiga aikin tufafin yau da kullum, kuma abin da ya ɗaukaka su shi ne sauƙi da jin daɗin jiki. Wannan riba ce ta gaske, musamman idan takalmin gudun ya sa mai shi ya taka da ƙafa, domin zama wuri ɗaya yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari. Amma tufa tana da haƙƙi biyu a kanta. Jin daɗi haƙƙin mai sawa ne, dacewa kuwa haƙƙin waɗanda zai tarar ne. Ɗalibin da zai shiga gaban malamai domin kare kundin bincikensa, da ma'aikacin da dattijo zai zo gabansa neman haƙƙin fansho, ya kamata kowannensu ya tambayi kansa abin da shigarsa take faɗa kafin ya buɗe baki. Hukumomi kuma ya kyautu su rubuta dokar sutura a fili, su bayyana dalilinta, domin kada ta zama abin da mai gadi zai yanke a bakin ƙofa. Masu sana'ar ɗinki na gida su ma akwai darasi gare su: jama'a suna neman tufa marar nauyi, mai sauƙin wanki, wadda ba ta takura jiki, kuma babu abin da zai hana a ɗinka irinta da audugar Funtuwa bisa yankan da ya dace da mutanen ƙasar.