Kayan Tarihin Nok da Mutanen da Ke Zaune a Kansu

A shekarar 1928 ne masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba ta Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya san darajarsa a lokacin. A 1943 kuma aka sake samun wani kan a wajen Jama'a. Wanda ya tsince shi ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa, ya zama mutum-mutumi. Daga baya kan ya kai ga hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki mai ilmin binciken kufai, shi kuwa ya lura da kamannin da ke tsakaninsa da na farko. Daga nan aka fara maganar al'adar Nok, watau ta mutanen da suka zauna a tsakiyar Nijeriya tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

Abin lura a wannan labari shi ne, masanin bai tono kome da hannunsa ba. Leburan kuza da manomi su suka fara gani, kuma har yau mai fartanya shi ke riga kowa tuntuɓe da kayan tarihi.

To, me ya sa ake damuwa da wurin da aka tono abu, ba da abin kaɗai ba? Dalili kuwa shi ne, kan yumɓu ba ya magana sai tare da maƙwabtansa. Gawayin da ke kusa da shi ake aunawa a san shekarunsa. Tsingaron tukwane da dutsen niƙa da ƙonannun ƙwayoyin hatsi su ke nuna abin da mutanen suka ci. Ta haka ne aikin da Fagg ya yi a Taruga cikin shekarun 1960 ya nuna cewa ana narka tama a wannan ƙasa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Ta haka ne kuma masanan Jami'ar Goethe ta Farankfot a Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005, suka tabbatar cewa mutanen Nok sun noma gero da wake, har aka gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Wanda ya haƙa rami da dare ya ciro kai ya watsar da sauran, ya sami abin sayarwa, amma shaidar da ke kewaye da kan ta tafi, ba ta dawowa ko da an kama shi gobe.

Irin wannan haƙa ce ta zama ruwan dare cikin shekarun 1990. Dillalai suka riƙa shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu, samari suka bar noma suka kama tona, kayan suka bi ta kan iyaka zuwa kasuwannin Turai. Ba yankin Nok kaɗai ba, har Kwatarkwashi ta ƙasar Zamfara abin ya shafa. Da masanan Farankfot suka zo, sai suka tarar mafi yawan wuraren da aka nuna musu an riga an tone su.

Alhali kuwa doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar kayan tarihi ta 1953, shekara guda bayan buɗe gidan kayan tarihi na Jos. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin irin waɗannan kaya. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono da fitar da kaya waje ba da izni ba. Duk da haka a shekarar 2000 sai ga kayan Nok a gidan tarihi na Louvre a Faris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun wani dillali. Bayan ƙorafi mai yawa aka daidaita a 2002: Faransa ta yarda mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. An ceci haƙƙin mallaka a takarda, amma ramin da suka fito babu mai iya nuna shi.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan manomi. Mutumin da ba a taɓa gaya masa ma'anar abin da ke gonarsa ba, wanda in ya kai rahoto sai a ɗauke abin a kai birni ba ya sake ganinsa, ga dillali kuma tsaye da kuɗin da ya fi amfanin damina, lalle an sa shi cikin jarrabawa mai wuya. Ma'aikacin hukuma ɗaya da babur ba ya iya gadin dajin da ya ratsa jihohi. Dagaci da mai unguwa kuwa sun san duk baƙon da ya kwana a gari.

Sukur, a kan duwatsun Mandara cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, ta nuna wata hanya dabam. Ita ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya, a 1999. Fadar Hidi da gonakin kan dutse da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu sun daɗe ne domin mutanen wurin suna amfani da su, suna gyara su da aikin gayya. Bambancin a fili yake: mutanen Sukur sun san kakanninsu ne suka gina, mazauna yankin Nok kuwa shekaru dubu biyu ne tsakaninsu da masu yumɓun. Inda babu wannan igiya ta gado, dole sai an ƙulla wata: a ɗauki 'yan gari aikin tono da gadi da albashi, a bar wasu kayan a ɗan gidan tarihi na kusa inda 'yan makaranta za su gani, a yi wa masu gari bayanin sakamakon bincike da harshensu.

An gwada wani abu mai kama da haka a Janjala ta ƙasar Kagarko, inda masanan Jamus suka kafa sansani suka yi shekaru suna aiki da mutanen ƙauyen. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace biyu daga cikin masanan. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma mutum biyu na yankin da suka yi ƙoƙarin kai musu ɗauki sun rasa rayukansu.